Me Ya Sa Kwamfuta Take Da Ma'ajiya Iri-Iri Maimakon Guda Ɗaya?

Duk wanda ya taɓa cinikin kwamfutar cinya, musamman ta hannu, a titin Beirut na Kano ko Banex ta Abuja ko Computer Village ta Ikeja, ya san cewa kafin a shiga maganar kuɗi sai mai shago ya karanto masa lambobi a jere: Core i5 ce, RAM takwas, SSD 256. Mai saye yakan gyaɗa kai kamar ya gane, amma tambayar da take biyo baya, wato "to yanzu memorinta nawa ke nan?", ita take tona cewa bai raba takwas ɗin da 256 ɗin ba. Ba abin zargi ba ne, tunda dukkan lambobin biyu da gigabayit ake auna su, kuma dukkansu wurin ajiye bayanai suke nufi. Sai dai aikinsu ya sha bamban, RAM na aikin da ake yi a yanzu ne, SSD na ajiyar dindindin, kuma su biyun ma wani ɓangare ne kawai na ma'ajiyoyin da ke cikin na'urar, domin akwai wasu a cikin furosesa kanta, wato ƙwaƙwalwar da take yin lissafi, akwai wata a kan babban allon da masu gyara suke kira bod, akwai kuma wadda aka keɓe wa hoto.

Tambayar da ta kamata a fara da ita ita ce, me ya hana masu ƙera kwamfuta su sa ma'ajiya guda ɗaya babba kowa ya huta? Dalili shi ne abubuwa huɗu ake nema daga kowace ma'ajiya: ta yi sauri, ta ɗauki kaya da yawa, ta yi araha, sannan ta riƙe abin da aka ba ta ko da wuta ta ɗauke. Har yau babu fasahar da ta haɗa huɗun nan a kasuwa. Mai saurin gaske tsada gare ta da cin wuri, ga mantuwa da zarar an yanke mata wuta, yayin da mai araha da take riƙe bayani shekara da shekaru take da nawa. Saboda haka aka jera su hawa-hawa, ƙarama mai sauri a jikin furosesa, babba mai nawa can nesa da ita, aka kuma ɗora wa na'urar aikin kai-kawo da bayanai a tsakaninsu ba tare da mai amfani ya sani ba. Mafi yawan lokutan da ake cewa kwamfuta ta yi nauyi, ba lissafi ne ya gagari furosesa ba, zaman jira take yi kafin abin da za ta lissafa ya iso.

Ba za a gane girman wannan jira ba sai an san saurin mai jiran. Furosesa mai gigahaz 3 tana bugawa sau biliyan 3 a daƙiƙa ɗaya, kuma a tsawon bugu ɗaya irin wannan, haske kansa, wanda babu abin da ya fi shi gudu, ba ya wuce tafiyar santimita 10. Saƙon lantarki a cikin waya bai ma kai hakan ba. Ke nan 'yar tazarar da ke tsakanin furosesa da sillen RAM a kan bod doguwar tafiya ce a ma'auninta, ga kuma lokacin da shi RAM ɗin zai ɗauka kafin ya lalubo abin da aka tambaye shi. Shi ya sa hawa na farko yake cikin furosesar, a daidai inda ake lissafin. Waɗannan su ne rajistoci, kuma ƙanƙantarsu abin mamaki ce: furosesar Intel ko AMD mai bit 64 tana da rajistoci 16 na aikin yau da kullum a kowane kai, wato kowane sashe mai lissafi da kansa da ake kira core, kowace tana ɗaukar bayit 8 (bayit ɗaya kimanin harafi guda ne), jimilla bayit 128, abin da bai kai tsawon saƙon tes guda ɗaya cikakke ba. Akwai wasu na ayyuka na musamman, amma duk ba su taka kara sun karya ba wajen girma. Babu mai tallata su a kasuwa, babu kuma mai iya ƙara su.

Hawa na biyu shi ne kesh, wanda shi ma a cikin furosesa yake, kuma an kasa shi uku. Na farko, L1, yakan kasance 'yan gomiya na kilobayit a kowane kai. L2 ya fi shi girma, daga kilobayit 256 zuwa megabayit 1 ko 2. L3 kuwa, wanda kawunan furosesa suke tarayya a cikinsa, yakan kai daga 'yan megabayit zuwa gomiyoyi. Ana gina kesh da wani nau'in ma'ajiya mai suna SRAM, wanda galibi yake buƙatar taranzista 6 don riƙe bit guda ɗaya tak, wato sifili ko ɗaya. Wannan ne sirrin saurinsa, shi ne kuma dalilin tsadarsa da cin wurinsa. Masanin kwamfuta na Jami'ar Kambirij, Maurice Wilkes, ya bayyana dabarar a rubuce a 1965, sannan kamfanin IBM ya fito da ita kasuwa a cikin babbar kwamfutarsa System/360 Model 85 a ƙarshen shekarun 1960.

Abin da ya sa 'yar ƙaramar ma'ajiya irin wannan take iya tallafa wa babbar na'ura shi ne wata ɗabi'a da kusan dukkan manhajoji suke da ita. Abin da manhaja ta taɓa yanzu, da wuya ba ta sake taɓa shi nan da ɗan lokaci ba, kuma idan ta karanta wani wuri, to maƙwabcinsa za ta karanta a gaba. Don haka idan furosesa ta nemi bayit ɗaya daga RAM, ba shi kaɗai ake kawo mata ba, ana ɗebo bayit 64 da suke jere da shi a zuba a kesh, bisa kyakkyawan zaton cewa za a neme su. Zaton nan yakan yi daidai a mafi yawan lokuta, kuma a kansa saurin kwamfutar zamani ya dogara fiye da yadda mutane suke tsammani. Furosesoshi biyu za su iya zama da gigahaz ɗaya, amma wadda ta fi kesh ta bar ɗayar a baya, abin da mai kallon lambar gigahaz kaɗai ba zai taɓa ganewa ba.

Idan aka shimfiɗa lokutan nan a ma'aunin da ɗan Adam yake iya ji a jikinsa, tazarar takan fito fili. Ɗauko abu daga L1 yana ɗaukar kimanin nanodaƙiƙa ɗaya, wato kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa. A ƙaddara wannan ya zama daƙiƙa guda. A wannan ma'auni, zuwa RAM zai ci minti ɗaya da rabi ko kusa da haka, zuwa SSD zai ci kimanin kwana guda, zuwa tsohon faifai mai juyawa kuwa zai ci wajen wata huɗu. Wanda ya riƙe wannan lissafi a ransa ya riga ya gane rabin matsalolin nauyin kwamfuta.

RAM, hawa na uku, shi ne wanda ya fi cancantar a tsaya a kansa, tunda shi ne mai saye yake iya zaɓa, a wasu lokutan ma ya ƙara. Nau'in da ake amfani da shi sunansa DRAM, kuma Robert Dennard na kamfanin IBM ne ya ƙirƙiro tsarinsa a 1966, aka ba shi haƙƙin mallaka a 1968. Hikimar ita ce ya rage kayan da ake buƙata don riƙe bit ɗaya zuwa taranzista guda da kafasita guda, wato ɗan mitsitsin wurin da yake tara caji. Idan akwai caji a ciki, ana karanta shi a matsayin ɗaya, idan babu kuma sifili. Da wannan tsimi aka samu damar cusa biliyoyin bit a cikin ɗan cip da bai kai farcen babban yatsa ba. Kamfanin Intel ya fito da cip mai lamba 1103 a 1970, wanda yake ɗaukar bit 1,024 kacal, kuma shi ne ya fara ture tsohuwar ma'ajiyar zobban maganaɗiso da kwamfutocin wancan zamani suke amfani da ita. Kwamfutar tebur mai suna IBM PC da IBM ya fitar a 1981 da kilobayit 16 na RAM ake sayar da mafi ƙanƙantarta. Giga 8 na yau ya ninka wannan fiye da sau dubu 500.

Amma tsimin nan yana da farashinsa. Kafasitar tana yoyo, cajin da ke cikinta yana zurarewa cikin ƙiftawar ido, don haka dole ne a riƙa bi layi-layi ana karanta kowane bit ana sake cika shi. A DDR3 da DDR4 ƙa'idar ita ce a zagaye kowane layi cikin milidaƙiƙa 64, wato fiye da sau 15 a kowace daƙiƙa, muddin na'urar tana kunne. Da zarar wuta ta yanke, wannan aiki ya tsaya, kuma abin da ke ciki ya tafi. Wannan shi ne bayanin abin da duk ma'aikacin ofis ko mai shagon buga takardu a ƙasar nan ya sani: an ɗauke wuta, kwamfutar tebur ta mutu, kuma shafukan da aka buga ba a adana ba sun bi iska. Rubutun yana cikin RAM ne, bai riga ya sauka kan faifai ba, domin danna maɓallin adanawa shi ne umarnin a kwafe shi daga ma'ajiya mai mantuwa zuwa wadda ba ta mantuwa. Kwamfutar cinya tana tsira ne saboda batirinta, ta tebur kuma sai da UPS. Daga nan ne kuma bambancin Sleep da Hibernate ya samo asali: a na farko ana barin 'yar wuta tana ciyar da RAM, shi ya sa na'urar take farkawa nan take amma batiri yake ci gaba da raguwa, a na biyu ana juye duk abin da ke RAM a kan faifai a kashe komai, sai farkawar ta ɗan ɗauki lokaci amma ba a asarar aiki ko da batirin ya ƙare ƙaf.

Aikin RAM a takaice shi ne riƙe duk abin da ake aiki da shi a halin yanzu: babbar manhaja kamar Windows, da burauza da duk shafukan da aka buɗe a cikinta, da takardar da ake rubutawa. Kwatancinsa kamar teburin tela ne, faifai kuma akwatin da yake ninke yadukan mutane. Girman akwati shi yake nuna yawan ɗinkin da zai iya karɓa, amma faɗin tebur shi yake nuna yawan wanda zai iya shimfiɗawa ya yi aiki a kai lokaci guda. Idan teburin ƙarami ne kuma ga ɗinkin Sallah ya taru, sai ka ga telan ya fi ɓata lokaci wajen ninkewa da warwarewa fiye da taka keke, kuma sayen ƙaton akwati ba zai rage masa wannan wahala ba.

Haka kwamfuta take yi idan RAM ya cika. Ba ta tsayawa ta ce wuri ya ƙare, sai ta koma ga dabarar aron wuri a kan faifai, wadda aka fara aiki da ita a kwamfutar Atlas ta Jami'ar Manchester a Ingila a farkon shekarun 1960. Ana yanka ma'ajiya gunduwa-gunduwa, galibi kilobayit 4 kowace, sai babbar manhaja ta duba gunduwoyin da aka daɗe ba a taɓa ba ta kwashe su zuwa wani fayil a kan faifai, wanda a Windows sunansa pagefile.sys, ta ba sabon aiki wurinsu. Idan aka sake neman waɗanda aka kwashe, sai a dawo da su a fitar da wasu. Muddin abin jefi-jefi ne, babu wanda zai lura. Amma idan ayyukan da ake yi a lokaci guda sun fi ƙarfin RAM ɗin sosai, sai na'urar ta shiga fitarwa da dawowa ba ƙaƙƙautawa, tana yin tafiyar kwana guda ko ta wata huɗu a kan abin da ya kamata ya ci minti ɗaya da rabi. Alamominsa sanannu ne: an danna shafi ya ƙi buɗewa, kibiyar linzami tana tsalle, 'yar fitilar faifai ta kama ba ta ƙiftawa.

Ba sai an yi canki-canka ba wajen gano wannan. A Windows, idan aka danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, kuma a sashen Performance za a ga furosesa da RAM da faifai kowanne da awonsa. Idan RAM ya haura kashi 90 cikin ɗari, faifai yana kan 100, furosesa kuwa tana ƙasa tana hutawa, to an kama mai laifi, kuma ba furosesa ba ce. Sai dai a yi hattara da kishiyar wannan fahimta. Ganin RAM ya kai rabi ko fiye alhali ba a buɗe komai ba ba ciwo ba ne, domin Windows da gangan take ajiye fayilolin da aka saba buɗewa a wurin da yake zaune banza, kuma tana sakinsa da zarar an buƙace shi. A ganina manhajojin da ake tallatawa da sunan share RAM ba su da wani amfani, hasali ma sukan kori abin da na'urar za ta sake wahalar ɗaukowa daga faifai.

Wanda ya yanke shawarar ƙara RAM zai tarar cewa ba kowane sille ne yake shiga kowace kwamfuta ba. Ƙungiyar JEDEC, wadda take tsara ƙa'idojin wannan fanni, ta fitar da zuriya bayan zuriya: DDR2 ta shigo a 2003, DDR3 a 2007, DDR4 a 2014, DDR5 kuma a 2020. Kowace ta fi ta gabanta saurin jigilar bayanai da ƙarancin cin wuta, daga bolt 1.8 a DDR2 zuwa 1.5 a DDR3, da 1.2 a DDR4, da 1.1 a DDR5. Ba sa maye gurbin juna, kuma don kada a yi kuskure aka sauya wurin 'yar tsagar da ke tsakanin haƙoran sillen a kowace zuriya, ta yadda na DDR3 ba zai zauna a gurbin DDR4 ba sai dai a karya wani abu. Na kwamfutar cinya kuma ya fi na tebur gajarta: a DDR4, na tebur haƙora 288 gare shi, na cinya 260.

Tarkon da ya fi kama masu tsofaffin kwamfutoci yana cikin DDR3 ne, inda ake da nau'i biyu masu siffa ɗaya da tsaga ɗaya, ɗaya mai bolt 1.5, ɗaya mai 1.35 da ake kira DDR3L. Kwamfutocin cinya masu furosesar Intel ta zuriya ta huɗu, waɗanda suke da yawa a kasuwar kayan hannu, nau'i na biyu suke buƙata, kuma idan aka sa musu na farko zai shiga gurbin lafiya lau amma na'urar tana iya ƙin tashi. Amsar tana rubuce a 'yar takardar da ke manne a jikin sillen. Idan an ga PC3L-12800S, harafin L yana nufin mai ƙaramin bolt, 12800 shi ne megabayit ɗin da yake iya jigila a daƙiƙa, S kuma yana nufin gajeren sille na kwamfutar cinya. PC4 a farkon lambar yana nufin DDR4. Akwai kuma batun hanya biyu: yawancin bod suna iya magana da sille biyu a lokaci guda, don haka giga 4 sau biyu ya fi giga 8 guda ɗaya faɗin hanya, ko da yake sillen guda yana barin gurbi a buɗe don ƙari nan gaba. Game da lambar sauri kuwa, irin su 2666 da 3200, bambancin da mai rubutu da shiga intanet zai ji bai kai ya biya kuɗi a kansa ba. Yawa ya fi masa sauri muhimmanci. Sannan idan Windows ɗin da ke kan na'urar mai bit 32 ce, ba za ta iya amfani da abin da ya haura giga 4 ba komai yawan abin da aka cusa mata, domin adadin adireshin da bit 32 yake iya ƙirgawa ke nan.

Tunda RAM fanko yake a duk lokacin da aka kunna kwamfuta, akwai tambayar da ba kasafai ake yi ba: daga ina furosesa take samun umarninta na farko? Daga wani ɗan cip ne a kan bod, sau da yawa mai ƙafafu takwas, wanda yake ɗauke da manhajar tada na'ura, wadda a da ake kira BIOS, yanzu kuma UEFI ta gaje ta. Ita take duba RAM da allon rubutu da faifai, sannan ta nemo Windows ta miƙa mata ragama. A zamanin farko ana rubuta wannan manhaja ne a kan ROM, ma'ajiyar da ake karantawa kawai ba a iya sauya ta. Dov Frohman na Intel ya fito da EPROM a 1971, mai 'yar taga a bayansa wadda ake haska wa wani haske na musamman don a goge shi, daga baya kuma aka samu wanda ake gogewa da lantarki. A yau cip ɗin filash ne, shi ya sa ake iya sabunta BIOS, shi ya sa kuma ɗaukewar wuta a tsakiyar sabuntawar take iya barin kwamfuta ba ta ko motsi har sai mai gyara ya sake rubuta cip ɗin da na'ura. Kusa da shi akwai ɗan batiri mai kama da kwabo, CR2032 mai bolt 3, wanda yake riƙe agogo da wasu saituttuka idan an kashe na'urar. Idan ya mutu, kwanan wata yakan koma shekarun baya a duk lokacin da aka kunna, sai burauza ta fara ƙin buɗe shafuka tana cewa ba su da tsaro, alhali matsalar ba ta wuce canjin batirin da bai kai kuɗin kati ba.

Hawa na ƙarshe shi ne ma'ajiyar dindindin, inda hotuna da takardu da manhajoji suke kwana. Tsohon nau'inta, faifai mai juyawa, IBM ne ya fara fito da shi a 1956 a cikin na'urar RAMAC, da faya-fayai 50 masu faɗin inci 24 waɗanda gaba ɗayansu suke ɗaukar haruffa kimanin miliyan 5. Na yau ya ƙanƙance ya kuma ninka wancan sau dubbai, amma tsarin bai sauya ba: faifai mai maganaɗiso yana juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti, wani hannu kuma yana kai allura inda bayanin yake. Duk nawarsa daga nan take, domin sai hannun ya matsa, sannan a jira faifan ya juyo da wurin da ake so, kuma ko a mai juyi 7,200 zagaye ɗaya yana cin sama da milidaƙiƙa 8. Ga shi ba ya jure faɗuwa, musamman idan yana cikin juyi. Abin da ya rage masa shi ne araha, kuma a nan har yanzu babu mai ja da shi idan ana maganar tara bidiyo da ajiyar kwafi.

SSD kuwa babu abin da yake motsi a cikinsa. An gina shi a kan ma'ajiyar filash, wadda Fujio Masuoka ya ƙirƙiro a kamfanin Toshiba na Japan a shekarun 1980, kuma ita ce dai a cikin memorin waya da filashin da ake ratayawa a makulli. A nan ana tura caji ne cikin wani ɗaki da aka kewaye da abin da ba ya barin lantarki ya wuce, sai ya maƙale a ciki ko babu wuta. Kowane rubutu da gogewa yana ɗan cin wannan katanga, shi ya sa ake cewa SSD yana da iyakar rubutu, kuma lamarin ya fi tsanani a nau'o'in da ake cusa bit 3 ko 4 a ɗaki ɗaya, wato TLC da QLC, inda dole a bambance matakan caji 8 ko 16. Sai dai tsoron da ake yi ya wuce kima. Akwai ɗan cip mai kula da shi wanda yake rarraba rubutu a ko'ina don kada wuri ɗaya ya riga saura lalacewa, kuma Samsung 860 EVO mai giga 500, alal misali, an ba shi garantin rubutun terabayit 300, abin da mai rubuta giga 20 kullum sai ya shekara 40 kafin ya cinye. Haɗarinsa na gaske wani ne daban: faifai mai juyawa yakan yi ƙara ko ya fara nawa kafin ya mutu, SSD kuwa yana iya ɗaukewa rana tsaka ba sallama, kuma ceto bayanai daga cikinsa ya fi wuya.

A cikin SSD ɗin ma akwai hawa. Mai amfani da tsohuwar hanyar haɗi da bod mai suna SATA ba ya wuce kimanin megabayit 550 a daƙiƙa, sabon nau'i mai suna NVMe a kan hanyar PCIe zuriya ta uku yana kai wa 3,500, a kan ta huɗu kuma wajen 7,000, alhali faifai mai juyawa yana tsakanin 100 da 200. Amma tsallen da mutum zai ji a hannunsa shi ne na barin faifai mai juyawa zuwa kowane irin SSD, domin abin da ya ragu shi ne jiran nemowa. Daga SATA zuwa NVMe sai mai aikin manyan fayiloli ne zai shaida bambanci sosai. M.2 kuma, wato SSD mai kama da sille da ake sawa a gurbi a kan bod, siffa ce kawai, ana samun SATA da NVMe duka a cikinta, don haka sai an tabbatar da wanda gurbin yake karɓa. Akwai kuma eMMC, filash mai rauni da ake liƙe wa ƙananan kwamfutoci masu araha, galibi giga 32 ko 64, wanda wasu suke sayarwa da sunan SSD. Windows 11 kaɗai tana neman giga 64 na ma'ajiya da giga 4 na RAM a matsayin mafi ƙaranci, ke nan irin wannan na'ura a cike take tun daga kwali. Shawarata ga mai tsohuwar kwamfuta da kuɗinsa bai isa gyara biyu ba ita ce ya fara da SSD, sannan ya kai RAM giga 8 idan hali ya yi.

Wani abin da yake jawo rigima tsakanin mai saye da mai sayarwa shi ne a sayi faifai mai giga 500 a ga Windows ta nuna 465, ko mai 256 ya nuna 238, ko terabayit ɗaya ya nuna 931. Babu wanda ya ci komai. Masu ƙerawa suna ƙirga giga ɗaya a matsayin bayit biliyan ɗaya cif, Windows kuma tana ƙirga shi a matsayin 1,073,741,824, saboda ita da 1,024 take ninkawa ba da 1,000 ba. Zambar gaske tana wajen filash da memori na jabu, waɗanda ake sauya wa cip mai kula da su lissafi ya riƙa shelar giga 128 alhali abin da ke ciki bai wuce 8 ba. Za su karɓi fayiloli ba musu, sunayen su fito a jere, amma duk abin da ya haura ainihin girman ya lalace ko ya hau kan na baya. Manhaja irin H2testw, wadda take cika filashin da bayanai sannan ta karanto su, ita take tona asirinsu.

Saura ma'ajiyar hoto. Katin hoto na musamman, irin na Nvidia ko AMD, yana zuwa da nasa RAM ɗin, galibi nau'in GDDR, wanda aka tsara don jigilar bayanai masu yawan gaske a lokaci guda, kuma masu tace bidiyo da zanen gine-gine da wasanni ne suke buƙatarsa. Yawancin kwamfutocin ofis ba su da shi, sashen hoton yana cikin furosesa ne kuma daga RAM na kowa yake ɗiba, shi ya sa mai giga 8 zai ga an rubuta masa cewa 7 da ɗoriya ne yake iya amfani da su. A nan ne sille biyu yake nuna amfaninsa ƙwarai, tunda furosesa da sashen hoto hanya ɗaya suke bi.

Sababbin kwamfutoci sirara sun ƙara matso da RAM kusa da furosesa don sauri da tsimin batiri. Da yawansu suna amfani da wani nau'in RAM mai suna LPDDR da aka liƙe da dalma a kan bod, Apple kuma tun daga furosesarsa M1 a 2020 ya ɗora shi a kan kunshi ɗaya da furosesar, inda ita da sashen hoto suke tarayya a cikinsa. An samu sauri, amma an rasa gurbi, domin babu sillen da za a cire balle a ƙara. Wanda zai sayi irin wannan na'ura, sabuwa ko ta hannu, ya kamata ya nemi lambar samfurinta ya bincika ko RAM ɗinta na cirewa ne ko liƙaƙƙe tun kafin ya biya, domin idan liƙaƙƙe ne, giga 4 ko 8 ɗin da ya saya da su zai zauna har ranar da zai rabu da ita.